Kafin a kai yara lilon Dubai, a fara auna tsawonsu a gida

Da zarar dogon hutun makaranta ya gabato, masu hali a Kano da Kaduna da Abuja sukan fara shirin fita waje da iyali, kuma Dubai ce kan gaba a bakin mutane. Babban alkawarin da ake yi wa yara shi ne za a kai su manyan wuraren wasan nan masu lilo iri-iri. Ban ga aibun wannan ba. Wanda Allah Ya hore wa ya faranta ran iyalinsa, ya yi abin kirki. Abin da ke damuna shi ne a zuba miliyoyi a kuɗin jirgi da otal, amma ita ranar da aka yi tafiyar dominta a bar ta haka nan babu shiri, sai abin da aka tarar. A ganina shekarun yaro da tsawonsa da juriyarsa su ne ya kamata su yanke inda za a je da lokacin da za a je. Sunan wuri da hotunan da wasu suka ɗora a Instagram su biyo baya.

Tsawo na sa a gaba domin shi ne abin da iyayenmu suka fi mantawa. A ƙofar kowane babban lilo akwai sandar awo. Yaro zai zo da murnarsa, ma'aikaci ya tsayar da shi a jikin sandar, ya ɗora tafin hannu a kansa. Yaron ya yi ɗage, a ce ya sauke dugadugansa. Idan bai kai ba, shi ke nan. Babu roƙo, babu "ka taimaka, daga Najeriya muka zo", domin ƙarfen da ke danne mutum a kujera an ƙera shi ne daidai da wani girman jiki, wanda bai kai ba yana iya zamewa. A Ferrari World da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, lilon da kowa ke zuwa dominsa shi ne Formula Rossa, mai gudun kilomita 240 a awa, har sai an ba mutum tabarau na kare ido kafin ya hau. Ba a ɗaukar wanda bai kai santimita 140 ba. Ke nan uban da ya kwashi 'yan shekara biyar da bakwai ya kai su can don sunan Ferrari, zai biya kuɗin shiga ne ya tarar manyan lilon sun fi ƙarfinsu, sai dai su kalli manya suna ihu a sama. Da Legoland Dubai ya nufa, wanda aka tsara shi tun farko don 'yan shekara 2 zuwa 12, da kusan komai na wurin nasu ne.

Maganin wannan bai wuce tef ɗin tela ba. A jingina kowane yaro da bango, a rubuta tsawonsa, sannan a buɗe shafin wurin a intanet, inda suke jera kowane lilo da ƙa'idarsa. Idan rabin abin da ke wurin ya fi ƙarfin yaranka, ba wurinku ba ne bana. Haka abin yake ga mai niyyar Disneyland ta Faransa: Big Thunder Mountain na son santimita 102, Hyperspace Mountain 120, na Indiana Jones kuwa 140.

Sai lokaci. Dogon hutunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai da Abu Dhabi ke ciki, ke kan ganiyarsa, sama da digiri 40. Na san wani zai ce ai mu 'yan Sakkwato da Maiduguri ne, rana ba baƙuwarmu ba ce. Zafin can daban ne, yana haɗe da gumin teku, zufa ba ta bushewa, ga shi kuma tsayuwa ce a layi da yaro a kafaɗa. Wanda dole sai a wannan lokaci zai je, ya nemi wuraren da ke rufe cikin sanyin na'ura: IMG Worlds of Adventure a Dubai, wanda aka buɗe a 2016, ko Warner Bros. World na Abu Dhabi da aka buɗe a 2018. Na fili irin su Motiongate a bar su sai hutun Disamba, duk da cewa a lokacin cunkoso da tsada sun fi yawa. Global Village ma, da mutanenmu ke so saboda kasuwarta, ba ta buɗewa a lokacin dogon hutunmu, daga wajajen Oktoba take farawa. Kuma tun Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dhabi ya koma Asabar da Lahadi, don haka Litinin zuwa Alhamis ne layi ke da sauƙi.

Akwai kuskuren da ejan-ejan na tafiye-tafiye ke jefa mutane a ciki, wato cusa wurare biyu ko uku a yini guda don takardar shirin ta yi kyau a ido. Daga tsakiyar Dubai zuwa tsibirin Yas tafiyar awa guda ce ko fiye a mota. Kowane wuri ɗaya kuma ya isa ya cinye yini. Wuri ɗaya a rana, washegari a huta, shi ne abin da jikin yaro zai ɗauka. A isa da wuri ana buɗe ƙofa, a fara da lilon da aka fi rububi, a bar shaguna sai za a fita.

Maganar sutura ta fi shafarmu fiye da sauran baƙi, kuma ba kasafai ake faɗa mana ba. Lilo mai gudu ba ya shiri da duk abin da iska ke ɗauka. Babbar riga da hula da silifas, a bar su a otal. Hajiya mai dogon mayafi ko hijabi har ƙasa ta tanadi ƙarami wanda ke kama kai, ta cusa bakinsa cikin riga, domin ƙyalle mai lilo yana iya maƙalewa a ƙarfe, kuma ma'aikaci na da ikon hana ta hawa saboda shi. Ba sai an zubar da mutunci ba, tsari kawai ake so. Wuraren wasan Daular suna da ɗakunan salla, a duba taswira tun da safe a san inda suke. Yas Waterworld kuma, wurin wasan ruwa na tsibirin Yas, yakan ware lokuta na mata zalla, wanda ya dace a duba jadawalinsa kafin a tsayar da rana. Allunan gargaɗi da ke bakin layi game da masu juna biyu da masu hawan jini da ciwon zuciya ko na baya, a ɗauke su da gaske. Kakar yara ta zauna a inuwa da jakunkuna, ba ta yi asarar komai ba.

Takardu kuwa, ƙa'ida ɗaya ce: kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. 'Yan Najeriya sun ga yadda Daular ta dakatar da ba su biza a 2022, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024, kuma sharuɗɗan sukan sauya. Bizar Turai ta masu zuwa Faransa kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ana buƙatar inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000, kuma idan an hana ka ba a dawo maka da ko sisi. Fasfon kowa, har jariri, ya kasance da sauran aƙalla wata shida. A riƙe katin rigakafin cutar shawara. A tambayi banki ko katin naira zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai iya biya, a kuma riƙe wata hanyar ta daban. Magunguna irin su tramadol da masu ɗauke da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Daular, shiga da su ba takardar likita na iya kai mutum ga hukuma tun daga filin jirgi.

Wasu za su ce wannan lissafi duk ya kashe daɗin tafiya, hutu ai sakin jiki ne. Na fahimce su. Amma mai tafiya shi kaɗai ne ke da damar sakin jiki. Mai yara huɗu a cikin dubban baƙi, a ƙasar da ba a jin yarensu, shirin da ya yi a gida ne zai ba shi natsuwar da zai ji daɗin yinin. Da safe kafin a fita, a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar wayar da ke aiki a ƙasar a takarda a sa masa a aljihu. Da an shiga, a nuna musu kalar rigar ma'aikata, a ce duk wanda ya ɓace ya tsaya wurin mai irin wannan riga, kada ya bi kowa zuwa ƙofar fita.