Godiyar da ake ƙirgawa da mai neman barin giya

A Zariya ba a rasa godiya a baki. Ka tambayi mutum ya aiki, ya ce sai godiya, ko da tun safe bai karya ba. Amma ba wannan ce ke riƙe wanda ke fafutukar barin giya ba. Wadda nake nufi ita ce wadda ake zama a ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, da sunanta.

Akwai wani bakanike a Sabon Gari da nake kai wa babur. Shekaru ya yi yana ƙarar da kuɗin gyara a gidan burukutu. Da ya daina, sai ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, kullum bayan isha'i ya rubuta abu uku da yake godiya a kansu. Ya taɓa nuna mini shafi guda, duk baƙin mai ya ɓata gefensa. Babu wata babbar magana a ciki. Na ci tuwo bai dawo ba. Hannuna bai yi rawa ba da na riƙe sifana. 'Yata ta hau cinyata ba ta kau da kai saboda wari ba.

A ganina ga inda amfanin yake. Mai barin giya ba kwalba kaɗai yake yaƙa ba, yana yaƙar nadama, da jin haushin kansa, da tunanin cewa ya riga ya yi asarar komai, to me ya rage? Wannan tunanin ne ke mayar da shi mashaya. Lissafin dare yana ba shi hujjar cewa akwai abin da zai rasa in ya koma. 'Yan Alcoholics Anonymous, ƙungiyar taimakon juna ta masu neman barin giya, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a Amurka a 1935, sun daɗe suna irin wannan lissafi. A 2003 kuma masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough suka gano cewa ɗaliban da ke rubuta ni'imomi biyar duk mako sun fi masu rubuta abubuwan takaici jin daɗin rayuwa. Mu dai tun a makarantar allo muka san aya ta 7 ta Suratu Ibrahim, cewa in an gode za a ƙara, sai dai mun bar ta a wa'azi.

Inda muke kasawa shi ne gida. Mutum ya yi wata uku bai sha ba, maimakon uwa ko yaya ta ce madalla, sai a ce mai hali ba ya fasa halinsa. Har a wurin ɗaurin aure sai wani ya tuna masa ranar da aka tsince shi a kwata. Ta yaya zai ga ni'ima a ranarsa alhali kowa na karanta masa tsohon laifi?

Kada kuma a ɗauka littafi zai maye gurbin likita. Wanda ya daɗe yana sha sosai, in ya yanke farat ɗaya, jiki na iya ɗaukar karkarwa, ya yi jijjiga ko ya fara gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan na kisa. Wannan aikin asibitin koyarwa na Shika ne ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Shi ma bakaniken sai da ya kwanta asibiti kafin ya sayi littafinsa, yanzu yana kan na huɗu.