Na ba ki ne ki kai wa Allah

'Yan'uwa cikin Almasihu, musamman mu masu rubutu, tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba.

Bayan an tashi daga sujada a nan Tumfure, wata uwa ta riƙe hannuna a bakin ƙofar majami'a. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "'Yata, maganar ɗana na ba ki ne ki kai wa Allah. Me ya kai ta cikin waya?" Ta gyara ɗankwalinta, ta wuce.

Wata biyu ke nan, a taron addu'a na Zumuntar Mata, ta gaya mana tana kuka cewa ɗanta ya faɗa shan ƙwaya, har ya ɗauke injin markaɗen da take ciyar da ƙannensa da shi ya sayar. Muka durƙusa. Amma ni, Ubangiji ya gafarta mini, bakina yana addu'a, zuciyata tana cewa wannan ai labari ne. Na koma gida na rubuta, na sa a Facebook. Na canza suna, na mai da gidan Kaltungo, na ce ƙage ne. Injin ne na kasa cirewa, don shi ne gishirin labarin. To, gwauruwa nawa ce a unguwarmu injinta ya ɓace dare ɗaya? Ana ta ce mini Allah ya ƙara basira, ita kuwa ana bin ta da kallo a kasuwa.

Kuma ba ni kaɗai ba ce, kada mu ruɗi kanmu. Kai mai shirya wa matasa wasan kwaikwayo na Kirsimeti, rikicin auren wa ka ɗora a dandali bara, har mutane suna dariya suna waiwaye? Ke mai tura saƙo a WhatsApp cewa "mu sa wance a addu'a", sannan ki zayyano komai daki-daki, addu'a kike nema ko kunnuwa? Har a kan bagade mukan ji "wata 'yar'uwa ta zo wurina, ba zan faɗi sunanta ba", alhali rabin ikilisiya sun riga sun gane ta. Gulma ce muka sa wa rigar hidima.

Ba labari ne zunubi ba. Baiwa ce, kuma ina sonta da dukan raina. Ubangijinmu da misalai ya koyar. Amma ku duba ɗan nan da ya ɓace a Luka 15: ba suna, ba gari, sai dai ƙasa mai nisa. Kowa yana ganin kansa a ciki, ba wanda aka nuna da yatsa. Natan da ya shirya labarin 'yar tunkiyar matalauci, a 2 Sama'ila 12, wurin Dauda ya kai shi, mai laifin kansa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce matar bakin rijiya a Yohanna 4. Yesu ya san ta yi maza biyar. Yaushe ya ta da maganar? Lokacin da almajirai suka shiga gari sayen abinci, daga shi sai ita. Ita ce da ƙafarta ta bar tulunta ta kai labarin cikin gari, don nata ne, shaidarta ce. Tun 1932 kakanninmu suke karanta cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, har yau ba wanda ya ga sunan matar nan a cikinsa. Ni kuwa cikin mako ɗaya na tona uwar da ta amince da ni.

Na goge rubutun, amma wasu sun riga sun ɗauki hotonsa, yana yawo. Ba ta ƙara zuwa taron addu'a ba. Wannan ne yake cin raina. Wace uwa ce kuma za ta sake buɗe baki a gabanmu?

Don Allah, kafin ka rubuta hawayen wani, je ka tambaye shi. In ya ce a'a, ajiye alƙalamin. Don Allah ku tambaya.

Gobe da yamma zan je gidanta in durƙusa in nemi gafara. Ku tuna da ni a addu'a, ku tuna da yaron. Kuma kada kowa ya biyo ni ta waya yana tambayar ko wace ce.