A cire adireshin gida daga lasisin tuƙin jami'an sa ido

A Amurka, mutane sama da miliyan 3 ne ke zaune cikin jama'a a ƙarƙashin ɗaurin talala, ko kuma an sake su daga gidan yari bisa sharaɗi, kuma akwai jami'an da aka ɗora wa nauyin sa musu ido. Jami'in nan shi ne mai zuwa har gidan mutum ya duba zamansa, shi ne mai tura shi gwajin ƙwaya, kuma rahotonsa na iya mayar da mutum kurkuku. Mai irin wannan aiki ba ya rasa wanda ya ƙullace shi. Shi ya sa nake goyon bayan a ba su damar sanya adireshin ofis a lasisin tuƙinsu maimakon na gida.

A can, lasisin tuƙi shi ne katin shaidar yau da kullum. Ana miƙa shi a banki da otal da kantin magani, kuma idan motoci suka yi karo direbobi kan nuna wa juna. Idan walat ɗin jami'i ya faɗi a falon wanda ya je dubawa, to ya bar masa lambar gidan da 'ya'yansa suke kwana.

Amurkawa sun riga sun ga inda wannan sakaci yake kaiwa. A 1989 wani mutum ya harbe 'yar wasa Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, bayan an samo masa adireshinta daga hukumar rajistar motoci ta California, abin da ya kai ga dokar tarayya ta 1994 mai taƙaita fitar da bayanan direbobi. Sai dai dokar ta tsare abin da ke cikin kundin hukuma ne kawai, ba ta taɓa rubutun da ke jikin katin ba. A watan Maris na 2013 an kashe Tom Clements, shugaban hukumar gidajen yarin Colorado, lokacin da ya buɗe ƙofar gidansa, kuma wanda bincike ya ɗora wa kisan fursuna ne da aka saki bisa sharaɗi. A 2020 an kashe Daniel Anderl, ɗan alƙaliya Esther Salas, a gidansu da ke New Jersey, daga nan aka kafa dokar tarayya a 2022 don ɓoye bayanan alƙalai. Idan alƙalin da ke zaune a kotu mai tsaro ya cancanci wannan kariya, ina ga jami'in da ke shiga gidajen mutane, sau da yawa shi kaɗai?

Masu adawa suna da hujjar da ba zan raina ba. A 2008 jaridar Orange County Register ta bankaɗo yadda shirin California na ɓoye adireshin 'yan sanda da wasu ma'aikatan gwamnati a rajistar motoci ya faɗaɗa har ya lulluɓe motoci kusan miliyan 1, wasu masu su suna kauce wa kuɗin hanya da tara. Wannan cin amana ne, amma yana da magani: hukuma ta riƙe adireshin gaskiya a kundinta, 'yan sanda da kotu su iya ganinsa, takardar tara kuma ta iske mutum a ofis. Ƙa'idojin REAL ID, dokar tarayya ta 2005 da ta tsara abin da lasisin tuƙi zai ƙunsa, su ma sun yarda a sanya wani adireshi a katin idan dokar jiha ta ba da izini, saboda haka abin da ya rage yana hannun majalisun jihohi, kuma ya kamata su haɗa da matan jami'an ko mazajensu, tunda gida ɗaya suke kwana.