Goggo da tsofaffin kuɗina

Da aka raba kayan kakanmu, wasu suka samu gona a hanyar Mirriya, ni kuwa rabona gwangwanin madara ne cike da tsofaffin kuɗi. Akwai anini, akwai kobo mai huda na 1952 irin wanda fatake ke zuwa da shi daga Kano, da dala ta zamanin Faransa ta 1956, sai wata ƙatuwar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza, an rubuta 1780 a jikinta. Wannan ita ta hana ni barci. Har na fara tambayar farashin fili.

Na sayo 'yan ledoji masu laushi na jera su ciki, na kulle a akwati. Damina na wucewa na buɗe, sai na tarar sun yi tsanwa shar.

Na kwashe su sai wurin wani dattijo mai sayar da kayan da, can wajen Birni. Ya sa tabarau, ya fara da azurfar. "Yaro, duk irin wannan 1780 aka rubuta musu, har waɗanda aka buga shekaru ɗari bayan nan. Ina da guda shida a aljihun tebur." Nan take filina ya koma hannun mai shi.

Sannan ya shiga bayanin tsanwar, ya ce ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta kwanta sumul, ta yi tauri, ta yi duhu, rigar tsufa ce da tagulla ke yi wa kanta idan ta daɗe tana shan iska da laima. Ita ke kare ƙarfen, ita kuma masu saye ke biya wa kuɗi, don haka ba a taɓa ta. Wadda ke danƙo a yatsa, aikin ledata ne: roba mai laushi tana fitar da wani sinadari idan ta sha zafi, kuma zafin Damagaram ba sai an gaya wa kowa ba. Maganinta a tsoma kuɗin cikin asetan tsantsa, ba na goge farcen mata mai turare ba. Mafi sharri ita ce mai gari-gari, mai haske. Gishiri ne da laima suka haɗu suna cin ƙarfen ta ciki, ko ka share sai ta dawo. Irin wannan a ware ta, a jiƙa a ruwan batir wanda ba na asid ba, ana sauya ruwan, a riƙa ɗaga garin a hankali da tsinken sakace, a busar sarai, a adana a takarda.

"Ban da lemun tsami, ban da toka, ban da goga," in ji shi, yana nuna ni da yatsa.

Na bi umarni tiryan-tiryan. Na jiƙa su a kwano na tura ƙarƙashin gado, kullum ina leƙawa.

Ran Alhamis na tafi kasuwar Dole, ashe Goggo ta zo gidan. Goggo ba ta iya ganin datti ta zauna lafiya, ko a gidan wani ne. Ina shigowa na same ta bakin rariya, ga jiƙaƙƙiyar tsamiya, ga toka, ga soson ƙarfe, ga kuɗin gadona a shanye kan faifai suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya.

"Ɗan nan, ashe haka ka zama ƙazami? Kuɗin mahaifina ka bari suka yi gansakuka? Tun hantsi nake dirza, hannuna har ya yi kanta."

Na ɗauki kobon. Ya yi ja wur, duk jikinsa zane, inda tsanwar take kuma sai ƙananan ramuka. Ko waɗanda ba su da ciwon komai, da na bari a akwati, ta binciko su ta haɗa, wai kada wasu su fi wasu.

"Sannu da aiki, Goggo. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Sai ka ba ni na goro."

Na ba ta jikka guda.

Washegari na koma wurin dattijon. Ya juya kobon gaba da baya, ya cire tabarau ya share ido don dariya, ya ce yanzu kam sai dai in gwada maƙera, su a kilo suke saye.