Zomon ƙarya, kare na gaske

Katanga ɗaya ta raba gidana da na wata tsohuwar Baturiya a nan arewacin Ingila. Kullum da sassafe in na fito zan tafi aiki sai na gan ta riƙe da igiyar wani dogon kare, siriri, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, an sa masa riga mai kauri saboda sanyi. Ranar da na fara ganinsa tsayawa na yi cak, domin sak Durwa ne, karen farautar kawuna a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Tsayin ƙafa iri ɗaya, dogon baki iri ɗaya, har da yadda yake ɗaga kai ya ƙura wa nesa ido.

Da muka saba, wata rana ta ɗaga kunnensa ta nuna mini ciki. Haruffa ne koraye da aka tsaga masa tun yana kwikwiyo, shaidar rajista. Ta ce a Ailan aka haife shi, ya yi tsere har ya kai shekara huɗu, sannan ƙafar baya ta dama ta karye a kwana, aka kai shi gidan da ake tara irinsu, can ta ɗauko shi. Ta ce ranar da ya shigo gidanta bai san yadda ake hawa matakala ba, kuma ya sha buga kai a ƙofar gilashi, don duk rayuwarsa daga keji sai fili. Turawa suna kiran wannan jinsi greyhound. Ni karen tsere nake ce masa.

Duk cikin karnuka babu mai gudunsa. Yana kai kimanin kilomita 70 a sa'a, kuma cikin 'yan taku kaɗan yake kai wa wannan gudu. Usain Bolt, a ganiyarsa, bai wuce kilomita 45 ba. Tazarar mita 480, wadda ita aka fi yi a nan, karen kirki yana cinye ta ƙasa da daƙiƙa 30. Sirrin yana ƙashin bayansa, wanda ke lanƙwashewa ya miƙe kamar baka. A kowane taku sau biyu ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa, sau ɗaya yana miƙe, sau ɗaya yana dunƙule. Zuciyarsa babba ce, jikinsa ba kitse, fatarsa kuma ba kauri, shi ya sa sanyi ke kama shi kuma ƙaramin karo ke tsaga shi. Da ido yake farauta. Duk abin da ya gilma da gudu, jikinsa kan tashi kafin ya yi tunani.

Asalinsa karen manya ne, na farautar zomo a fili. A kan saki biyu su bi zomo ɗaya, alƙali a kan doki yana lura da wanda ya fi juya shi. Babbar gasar wannan ita ce Kofin Waterloo, wadda aka fara a 1836 a Altcar kusa da Liverpool, aka yi ta ƙarshe a 2005 da dokar hana farauta da karnuka ta fara aiki. Tseren da aka sani yau daga Amurka ya fito. Wani mai suna Owen Patrick Smith ne ya ƙera zomon ƙarya mai gudu a kan dogo a 1912, aka buɗe fili na farko a Emeryville ta jihar California bayan 'yan shekaru. Ranar 24 ga Yuli 1926 aka yi tseren farko irin wannan a Birtaniya, a filin Belle Vue na Manchesta. Nan da nan abin ya karɓu wurin leburori. Sukuwar doki ta masu hali ce, da rana ake yi, a bayan gari. Ta kare kuwa cikin gari take, da dare, bayan an tashi daga masana'anta. Har wani kare mai suna Mick the Miller ya yi suna kamar ɗan ƙwallo, bayan ya ci babbar gasar Ingila a 1929 da 1930. Yanzu haka fatarsa tana ajiye a gidan tarihi na garin Tring, kusa da Landan.

Sau ɗaya na taɓa shiga irin wannan fili, abokan aiki suka ja ni. Karnuka shida ake sakawa a akwatuna shida, kowanne da takunkumi da rigarsa: ja, shuɗi, fari, baƙi, ruwan lemo, da mai zanen fari da baƙi. Sai ka ji ƙugin zomon yana tahowa a kan dogo, karnukan suna kuka a ciki, ƙofofi su buɗe gaba ɗaya. Ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Halitta ce da Allah Ya yi mata baiwa, kuma ganinta a guje abin kallo ne. Amma a tsere na huɗu biyu suka yi karo a kwanar farko, ɗaya ya wuntsila ya bugi shinge. Aka zo aka ɗauke shi a hannu. Na waiga in ga fuskokin mutane, sai na tarar kowa idonsa na kan allo yana duba takardarsa. Kafin minti ashirin an saki wasu shidan.

Tun daga daren nan na daina ganin abin a matsayin wasa. Caca ce, karen kuwa tamkar kati ne a hannun mai caca. Tun da aka halatta shagunan caca a 1961 'yan kallo suka ƙara janyewa, filaye suka yi ta rufewa: Walthamstow a 2008, Wimbledon a 2017, duka biyu a Landan, shi kansa Belle Vue a 2020. Waɗanda suka rage, yawancin tserensu da hantsi ko da azahar ake yi, kujeru wayam, ana haska shi kai tsaye zuwa shagunan caca da wayoyin mutane. Mai zuba kuɗin bai san sunan karen ba, lambar akwati kawai ya sani.

Ita kwanar nan ba tsautsayi ba ce da za a ce Allah Ya kiyaye gaba. Ginin filin ne haka. Kare shida a irin wannan gudu, kowa na neman gefen ciki, kullum juyawa hagu, nauyi na sauka wuri ɗaya, dole ƙashi ya gaji. Hukumar da ke kula da tseren a Birtaniya tana fitar da alƙalumanta, kuma daga 2021 zuwa 2023 kowace shekara raunuka sun haura 4,000, karnuka wajen ɗari kuma sun mutu a filin. Wannan na waɗanda suka kai ga shiga tsere ke nan. Kafin a sami gwani ɗaya sai an haifi da yawa, to ina sauran? A 2019 gidan talabijin na ƙasar Ailan, RTÉ, ya bankaɗo wani rahoto da ya nuna ana kashe karnuka kusan 6,000 a shekara a Ailan saboda gudunsu bai kai ba, kuma daga Ailan ake kawo mafi yawan waɗanda ke tsere a Ingila. Tun a 2006 wata jarida ta fallasa wani mutum a garin Seaham na arewacin Ingila da ake kai wa karnukan da suka gama amfani yana harbewa yana binnewa a bayan gidansa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ban ce duk masu harkar mugaye ba ne. Akwai masu horarwa da ke kwana a kan karensu in ba shi da lafiya. Akwai likitan dabbobi a kowane fili mai lasisi, kuma tun 2020 ana ajiye wa kowane kare kuɗin da za a nema masa gida bayan ya daina gudu. Gyara ne, na yarda. Sai dai gyaran bai taɓa kwanar ba, bai kuma taɓa yawan haihuwar ba. Shi ya sa nake tare da masu cewa a daina. Mutanen Florida sun kaɗa ƙuri'a a 2018 suka hana, yanzu fili biyu kacal suka rage a Amurka, duka a West Virginia. Yankin Macau na ƙasar Sin ya rufe nasa a 2018. Niyu Zilan ta sanar da hanawa a Disamban 2024, Wales ta bi baya a Fabrairun 2025. A Ostireliya jihar New South Wales ta hana a 2016 bayan an kama masu horar da karnuka da dabbobi masu rai, amma kafin shekara ta ƙare ta janye. Inda kuɗin caca yake, ba a saki da sauƙi.

Da na ba wani ɗan'uwa Bahaushe wannan labari a masallaci, cewa ya yi ai ga Turawan da ke mana wa'azin tausayin dabba. Na fahimce shi, amma ban bi shi ba. Laifi tudu ne.

Durwa zomon gaske yake bi. In kaka ta wuce, gonaki sun bushe, Kawu kan fita da asuba da gorarsa da karnuka uku, wani lokaci a farautar gayya da gangi da kirari. Na taɓa ganin Durwa ya tashi zomo a wani fako, zomon ya yi kwana, shi ma ya karya kamar an ja shi da zare, ƙura ta rufe su. In an dawo, kayan ciki nasa ne, ba mai taɓawa. Ranar da mugun dawa ya farke masa cinya, a kafaɗa Kawu ya ɗauko shi tun daga daji, jini har ƙugunsa. Ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗinke da allura da zare, ya yi mako biyu yana dama masa fura da hannunsa. Na ce, “Kawu, duk wannan a kan kare?” Ya ce, “Yaro, shi ya sa wa tukunyar gidan nan nama shekara shida.” Durwa bai sake farauta ba. A ƙarƙashin rumbu ya tsufa, can ya mutu.

A nan ne nake ganin mun fi. Karenmu yana gudu don abinci, wanda ya sake shi ya san sunansa, kuma rabonsa na cikin abin da ya kamo. Addini ma ya san da wannan: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, a mazhabar Malikiyya da muke bi kuma kare mai rai ba najasa ba ne. Yankinmu ma yana da nasa gwanin. Karen da Buzaye ke kiwo a kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, mai kamo barewa, an kai shi Turai tun shekarun 1970, yanzu jinsi ne mai rajista da ake saye da tsada, har babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a 2019.

Amma Kawu nawa gare mu? Ni na tashi ina ganin yara na jifan kare don kawai ya gilma, manya na kallo ba mai tsawatarwa. Na san gidajen da ba a tuna da kare sai rani ya zo, sauran shekara ya nemi na kansa a juji, in an yi masa alheri a zuba masa ƙasari ko ƙanzo. Kaska ta cika kunne, ƙuda na cin gefen, ba wanda ya damu. In ya tsufa ko ya gurgunce, masu sayen karnuka na zagayawa ƙauye da keji a bayan mota, a miƙa shi a karɓi 'yan kuɗi, ya nufi kasuwa irin ta Dawaki a jihar Filato. Mu da zagin junanmu ma da sunansa muke yi, har ɗan bangar siyasa karen farauta muke ce masa. Kuma mu ne muka haddace hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa da takalminsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon hauka. Allurar rigakafinsa ba baƙuwa ba ce, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, jihar Filato, ma ana yin ta. Amma a ƙauye sai kare ya ciji yaro sannan a taru a bi shi da sanduna, a kashe har waɗanda ba su da laifi, yaron kuma wani lokaci ba a kai shi asibiti sai ya fara tsoron ruwa, lokacin da babu sauran magani. A Birtaniya ana ƙirga karnukan da suka karye, a buga, a yi ta gardama a majalisa har a rufe fili. Mu ba mai ƙirga namu, ba kuma mai ƙirga yaran. Wannan ƙirgar ita kaɗai nake yi musu hassada a kai.

Karen maƙwabciyata yanzu shekararsa tara. Wuni yake yana barci a kan kujera, ƙafafu sama, sai fita sau biyu. Amma in kurege ya gilma a lambu duk jikinsa rawa yake, sai ta naɗe igiyar a hannu ta riƙe gam.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ne ya gaji gorar, yana da karnuka huɗu. Watan jiya na kira shi na tambaya ko an taɓa yi musu allura. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, kare ma har allura ake masa?” Na tura masa kuɗin mota da na malamin dabbobi, na ce ya haɗa da na maƙwabta in sun yarda. Gida uku suka yarda, biyu suka ƙi. Ya turo mini hoto ranar kasuwa, yana tsugune ya rungume wata jar karya ta wuya, ta kawar da kai, malamin na soka mata allurar a bayan kafaɗa.