Nasiha kaɗai ba ta kai kayan lambu unguwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa mazaunin birni laifi in bai bi ba, sai ka ce da gangan ya ƙi.

A dubi ma'aikaciyar da tsadar haya ta kora bayan gari. Tana fita da sassafe, ba ta dawowa sai dare, ga gajiya, ga yara na jira. Shagon da ke kusa da ita ba ya ajiye ganye, domin ganye kwana biyu ya yi yawa ya yanƙwane, alhali lemon kwalba da abincin leda sai su yi watanni ba abin da ya same su. Mai shagon ba mugunta yake yi ba, asara yake gudu. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abinci yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa, kuma mai saye ne ke biyan wannan ɓarnar. A 2022, mutum kusan biliyan 2.8 ne abinci mai gina jiki ya fi ƙarfin aljihunsu.

Wasu za su ce a gina manyan kantuna a irin waɗannan unguwanni. An gwada a Amurka, cimar mutane ba ta sauya sosai ba, domin kanti ya matso amma kuɗi da lokaci suna nan yadda suke.

Hanyar da birnin Belo Horizonte na Brazil ya bi tun 1993 ta fi gamsar da ni. Hukuma ta ba 'yan kasuwa wurare masu ciniki bisa sharaɗin su sayar da wasu kayan lambu a kan farashin da ta yanka, wasunsu kuma su kai kaya unguwannin talakawa a ƙarshen mako. Ta kuma buɗe gidajen abinci masu rahusa.

Shi ya sa nake ganin duk hukumar da za ta yanka filayen sabuwar unguwa, wajibi ne ta ware wurin kasuwar kayan lambu da ɗakin sanyi tun a taswira, kamar yadda take ware hanya da magudanar ruwa, kafin a sayar da fili ko ɗaya.