Kafin a zagi Blender, a tambayi inda za a nuna aikin

Makon jiya wani ƙanena a sana'a ya same ni a shago a unguwar Aboabo ta Kumasi, ransa a ɓace, yana cewa Blender, manhajar kwamfuta da muke yin katun da ita, ta lalata masa aikin wata biyu. Tallar katun ce ya yi wa wani mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ya gina ta a kan firem 24, wato hotuna 24 masu wucewa a jere, a kowace daƙiƙa, sai gidan talabijin suka ce 25 suke karɓa, domin tsarin talabijin na PAL muka gada a Gana, ba na Amurka mai kusan 30 ba. Shi kuwa ya je ya canza lambar kawai, daga nan bakin ɗan katun ya riƙa riga muryarsa.

Na faɗa masa, kuma ina maimaitawa a nan, cewa manhajar ba ta da laifi. Kowane motsi da ka kafa, a jikin lambar firem take ɗaure shi, ba ruwanta da agogo. Aikin minti ɗaya a 24 firem 1440 ne, idan aka kunna shi a 25 zai ƙare a daƙiƙa 57.6, alhali muryar da aka naɗa tana nan da daƙiƙa 60 ɗinta.

Gyaran farko ba shi da wuya: a shiga Dope Sheet, shafin da ke jera lokutan motsi, a tsaya a farkon aikin, a zaɓi kifirem duka, wato alamomin da aka kafa motsi da su, a miƙe su da 25 bisa 24, wato kusan 1.0417. Wahalar tana biyo baya ne, domin abin da yake kan firem 12 ya koma 12.5, wurin da babu hoto. Yawancin yaranmu sai su tura komai zuwa firem mafi kusa, su ɗauka an gama, alhali a nan ne ƙafa take fara zamewa kamar mai tafiya a kan miyar kuɓewa, hannu kuma yana karkarwa. Dole ne mutum ya buɗe Graph Editor, shafin da ke nuna motsi a matsayin layuka, ya bi kowane taku da idonsa, ya tabbatar diddige ya zauna daram har lokacin ɗagawa. Babbar rigar ɗan katun ma, wadda kwamfuta ta lissafa kaɗawarta, sai da muka goge lissafin muka sake shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk wannan tambaya ɗaya za ta hana shi tun ranar ciniki: Alhaji, a talabijin za a nuna ko a waya? Muna iya shafe awa guda muna jayayya a kan sidi ɗari, amma wannan kunyar yin ta muke ji, wai kada a ce ba mu san aiki ba.

Kwana uku muka yi a kan ƙafafun nan. Yanzu yana sake renda, wato fitar da bidiyon ƙarshe, muna roƙon Allah kada a ɗauke wuta kafin ranar Laraba da ya yi wa Alhajin alkawari.